Rahoton da Bai Kwana Ba

Shekara goma sha tara na yi ina busa usur a filayen Daura da kewaye, kuma ban taɓa barin rahoton wasa ya kwana a aljihuna ba. Da wannan aka san ni, ni ma da shi nake taƙama. Ana tashi daga wasa, tun ban kwance igiyar takalmi ba, sai in jingina da babur ɗina, in ɗora takarda a kan tanki, in rubuta abin da ya faru: wa ya ci, wa aka yi wa gargaɗi, wa aka kora, da dalili. In sa hannu, in miƙa wa shugaban kwamitin gasa, sannan in nemi ruwan alwala.

Sauran alƙalai ba haka suke yi ba. Al'adar gasanninmu na unguwanni ita ce alƙali ya bar rahoto ya kwana. Ba a rubuce take ba, amma kowa ya san da ita, ya kuma san amfaninta. In yaro ya yi rashin kunya a fili, washegari da safe ubansa ko kawunsa zai sa shi gaba su zo zaure da ɗan ƙullin goro, a ba da haƙuri, a shafa fatiha. Daga nan sai alƙali ya ɗauki biro ya rubuta abin da sauƙi-sauƙi. Zagi ya koma gardama, ture ya koma matsowa kusa. Ni kuwa abin nan haushi yake ba ni. Nakan ce da abokan aikina, in dai goro ne zai riƙa rubuta rahoto, to a ba goron usur ya shiga fili mana, mu mu huta.

Malamin firamare ne ni, lissafi nake koyarwa a aji biyar da shida. Duk wanda ya san garinmu ya san abin da ake ce wa malami mai gemu in an gan shi da gajeren wando yana bin samari da gudu. Na sha tsiya, har a cikin gidana. Shi ya sa na ɗaure fuska tun daga farko, don na san in raini ya shiga sau ɗaya, to ya zauna. Ɗan littafin dokokin gasa kuwa na haddace shi kamar jadawalin sau. Ba na zagi, ba na ihu, amma in na ɗaga kati ba ya komawa aljihu.

Akwai wani saurayi da na koyar a aji shida. Lissafi bai zauna masa ba ko kaɗan, amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai ka rantse da ita aka haife shi. A lokacin da nake magana yana da kamar shekara ashirin, shi ne mai lamba tara a ƙungiyar unguwarsu. Da safe yana taya mahaifinsa a kara, inda ake cinikin dabbobi, don tsohon dillalin tumaki ne. Da la'asar kuma yana fili. A shekarar, kocin wata ƙungiya ta Katsina ya aiko cewa zai zo ranar wasan ƙarshe ya ga yaron da idonsa, in ya yi masa ya tafi da shi. Duk garin an sani. Masu shayi ma sun fara kiransa ɗan Katsina, shi kuma yana sunkuyar da kai yana murmushi.

Gasar ta dogon hutu ce, tsakiyar damina. Da ƙungiyoyi suka rage takwas, aka haɗa unguwarsu da wata ƙungiya daga Baure, aka ba ni wasan. An yi ruwa da safe, filin makarantar da muke amfani da shi kuwa yana da wani kwari wajen tsakiya inda ruwa yake kwanciya. Sau biyu aka sake zuba tokar layi kafin mu fara.

Saurayin nan shi ya ci ƙwallo biyu kafin hutun rabin lokaci. Da ya ci ta biyu ya tuɓe riga yana kaɗawa, na ba shi katin gargaɗi, don haka doka ta ce. Saura minti kaɗan a tashi, suna da biyu Baure na da ɗaya, sai ya biyo wani ɗan bayan Baure ya share masa ƙafafu ta baya. Ba mugunta ba ce, santsi ne da zafin wasa, amma laifi ne, kuma na kati ne. Gargaɗi biyu kuwa jan kati ke nan. Har yau in aka sake dawo da ni wurin, katin nan zan ɗaga. Hukuncinsa wasa ɗaya ne tak. Zai zauna a wasan kusa da na ƙarshe, in abokansa suka haye ya dawo ya buga na ƙarshen a gaban mutumin Katsina.

Shi dai da ya ga jan abu a hannuna sai hankalinsa ya tashi. Ya zube a gabana gwiwa biyu cikin taɓo, ya riƙe ƙafata ta dama da hannu biyu, yadda ɗa yake riƙe ƙafar mahaifinsa in ya yi babban laifi.

"Malam, don Allah. Malam, ka rufa mini asiri."

Na ce ya sake ni. Bai ji ba, ko ya ji ya kasa. Na fizge ƙafata da ƙarfi, ɗaya ƙafar kuwa tana cikin kwarin nan. Sai ji na yi ƙasa ta gudu. Na faɗi rigingine, ƙafafu sama, usur ɗin da ke bakina ya yi wata 'yar ƙara kamar ta ɗan tsako. Filin nan kaf ya ɗauki dariya. Waɗanda ke kan katanga har suna dukan juna. A cikinsu akwai 'yan ajina, akwai iyayensu, akwai masu sayar da rake da na sha kora daga bakin layi. Yaron ya taso da sauri zai ɗaga ni, na buge hannunsa. Na ƙarasa wasan da taɓo tun daga ƙeya har dunduniya, duk inda na juya sai in ji wani ya kwaikwayi ƙarar usur ɗin.

Dokarmu ta raba taɓa alƙali gida biyu. Wanda ya taɓa shi ba da nufin cutarwa ba, takardar gargaɗi ce kawai. Wanda ya sa masa hannu da ƙarfi, dakatarwar shekara guda ce, kuma a aika da sunansa Katsina don ƙungiyoyi su sani. Kwamiti ba ya duba komai sai rahoton alƙali da kariyar da ɗan wasa ya rubuto cikin kwana uku. In bai rubuto ba, an ɗauka ya amsa laifi.

Na san wannan duka sa'ad da na jingina da babur. Na rubuta cewa bayan na nuna masa jan kati, mai lamba tara ya cafke ni da ƙarfi ya kayar da ni ƙasa a gaban 'yan kallo. Ban rubuta cewa a durƙushe yake ba. Ban rubuta abin da yake faɗa ba, ban kuma rubuta cewa ni na fizge ba. Na sa hannu na miƙa wa shugaba, na hau babur ko alwalar ban tsaya yi ba. A gida na yi magariba, bayan an zuba mini ruwa bokiti biyu.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Na fito na tarar da tsohon dillalin a zaure, ɗansa a rakuɓe a bakin ƙofa. Mutumin nan sa'an mahaifina ne, sahu ɗaya suka yi shekaru suna salla kafin mahaifina ya rasu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ajiye ƙullin goro a kan tabarma, sannan ya yi abin da ban zata ba: ya cire hularsa ya ajiye a gefen goron. Furfura fat, ga ɗan sanƙo.

"Malam," in ji shi, "ga ɗanka na kawo maka. In duka ne ka doke shi, ga ni zaune. Jiya ko tuwo ban iya ci ba da na ji abin da ya yi. Ni ban san ƙwallo ba, amma na san malami. Ka dubi girman Allah, ka dubi zaman da na yi da mahaifinka."

"Haba Baba, mai da hularka don Allah. Wallahi ba komai. Ya wuce."

"Ka yafe?"

"Na yafe, Baba, duniya da lahira."

To me zan ce? Dattijo ya cire hula a zaurena. Kuma ba ƙarya na yi ba, a lokacin zuciyata ta yi sanyi, na ji tausayin yaron da ya kasa ko ɗaga ido. Abin da ya rage kawai in ce, Baba, amma takarda ta riga ta tafi tun jiya, ku je ku rubuta kariya kafin jibi. Maganar ta zo har bakina. Sai na ga yadda fuskarsa ta washe, na ji nauyin in ɓata masa, na ji kunyar ya tambaye ni me na rubuta. Muka shafa fatiha. Na raka su har bakin titi, na dawo na tura goron cikin gida.

A wurinsu magana ta ƙare, don a iya saninsu rahoto kwana yake yi, kuma alƙalin da ya ce ya yafe da sauƙi zai rubuta. Kowa ya san ni ba na barin rahoto ya kwana, amma ba wanda ya kawo wa ransa cewa mutum zai karɓi goron dattijo alhali takardarsa ta riga ta tafi. Da kwamiti ya aika wa kocinsu da takardar neman kariya, ya je ya sami tsohon, tsohon ya ce ai an gama, sun je wajen Malam. Koci ya ninke takardar ya sa a aljihu.

A rana ta biyu shugaban kwamiti ya aiko in je. Tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, shi ya koyar da ni, shi ya fara ba ni usur, gidansa yana nan kusa da rijiyar Kusugu. Na same shi a zaure da tabarau, rahotona a kan cinyarsa.

"Zauna. Yaron nan dukanka ya yi?"

"Ranka ya daɗe, ai na rubuta."

"Na iya karatu, ni na koya maka. Tambayarka nake yi. Ina can wajen tebur mutane sun tare ni, faɗuwarka kawai na gani. Amma ina jin ana cewa durƙusawa ya yi."

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

"Ka san ni," ya ce. "Ba na hukunci da ji-ta-ji-ta, da abin da ke rubuce nake yi. In takardar nan ta shiga zama a haka, kuma ba kariya, shekara ce. Ga ta. Karɓi abinka ka je ka sake rubutawa yadda abin ya faru. Ba wanda zai ji daga bakina."

Ya miƙo mini ita, hannunsa a miƙe, ban karɓa ba. Ni kuwa abin da ke yawo a kaina daban ne. Duk unguwa ta ga tsohon ya shiga zaurena da goro. In rahotona ya sauya yau, gobe abokan aikina za su ce ashe Malam ma goro yana yi masa rubutu. Duk abin da na yi shekaru ina yi musu gori da shi, a kaina zai dawo. Ga dariyar nan har lokacin tana kunnena, don ko a hanyar zuwa wasu yara sun yi mini ƙarar usur daga bayan katanga.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa sauya rahoto ba."

"Ba ka taɓa rubuta irin wannan ba ne."

Mun fi awa biyu. Ya bi ta nan, ya bi ta can, har ya tuna mini ranar da na fasa gilashin tagar aji ya rufa mini asiri wajen mahaifina. Ni dai na kafe. Da ya gaji ya mayar da takardar cikin fayil, ya cire tabarau ya ce in gaida gida. Tunda nake da shi bai taɓa sallamata bai sa mini albarka ba sai ranar.

Kwana uku suka cika. Abokan yaron suka buga wasan kusa da na ƙarshe ba shi, suka sha da ƙyar da bugun fenareti. Aka yi ta murna a unguwarsu, ana cewa ɗan Katsina zai dawo. Ana saura kwana biyu wasan ƙarshe takardar kwamiti ta fito: shekara guda.

Washegari ina zaune a ƙofar gida sai ga yaron. Na ce a raina yau asirina ya tonu. Ya durƙusa nesa kaɗan, idanunsa sun kumbura.

"Malam, na zo in yi godiya ne. An ce an ga babur ɗinka a ƙofar gidan Hedimasta, ka fi awa biyu kana roƙonsa ya ƙi. Allah ya saka da alheri. Ni na san ba daga gare ka ba ne."

Ƙungiyar da za su kara da ita a wasan ƙarshe ta unguwar Hedimasta ce. Mutane ba su sha wahalar haɗa lissafin ba: alƙali ya yafe, har ya je roƙo, tsoho ya ƙi don unguwarsu ta ɗauki kofi. Ba wanda ya san dokar ta kasu biyu, ba wanda ya ga rahoto, don rahoto sirrin kwamiti ne. Ga yaro a gabana yana yi mini godiya, kuma ko a lokacin da na tashi na je na ce na yi kuskure, da wataƙila an yi zaman gaggawa. Abin da na ce masa shi ne, "Sai haƙuri. Komai nufin Allah ne."

Ni na busa wasan ƙarshe. Yaron ya zo da doguwar riga ya zauna a ƙasa bayan raga, ya rungume gwiwoyinsa. Mutumin Katsina ya zo kamar yadda ya yi alkawari, aka ba shi kujera a inuwa. Na ji daga baya cewa ya tambayi ina mai lamba taran, aka ce an dakatar da shi, ya kayar da alƙali. Ya ce shi ba ya ɗaukar mai taɓa alƙali ko da ƙafarsa ta zinariya ce. Ya tafi da wani ɗan tsakiya daga ɗaya ƙungiyar. Da na busa tashi, an ci unguwarsu ɗaya da nema, na duba bayan raga ban gan shi ba.

Shekara guda ba wani abu ba ce a wurin mai shekara hamsin, amma a ƙafar ɗan ƙwallo da yawa take. Yaron ya koma kara gaba ɗaya. Da wa'adin ya cika ya dawo fili ya yi nauyi, gudun ya ragu, kuma sunan ya riga ya bi shi. Duk wasan da ya shiga sai 'yan kallo su riƙa ce wa alƙali ya yi hankali da ƙafarsa. Ya buga gasa biyu ya bari. Ba wanda ya sake aikowa daga Katsina.

Hedimasta kuwa ya ɗauki abin bai ce uffan ba. Samarin unguwar suka daina gaishe shi. Aka yi masa waƙa a bakin fili, har ya ajiye shugabancin bayan shekara biyu, ya ce idonsa ne ya yi rauni. Fayil ɗin yana gidansa, da ya ga dama da ya fito da takardar ya karanta a bainar jama'a. Sau ɗaya kawai ya taɓa yi mini maganar. Mun fito daga masallacin Juma'a muna neman takalma, ya ce a hankali ba tare da ya dube ni ba, "Ina riƙe maka da kayanka. Duk ranar da ka shirya ka zo ka karɓa." Na ce to, ranka ya daɗe. Ban je ba.

Na ci gaba da busa usur shekara takwas bayan nan, ana yabona, ana cewa Malam ba ya karɓar goro. Nakan so in ce na manta da abin, amma ƙarya ne. Duk sa'ad da na jingina da babur zan yi rubutu sai na tuna. Tsohon dillalin ya rasu yana sa mini albarka, ko'ina ya gan ni sai ya riƙe hannuna ya gaya wa na kusa da shi cewa wannan ɗan halak ne. Na je jana'izarsa, na zauna zaman makoki kwana uku cur.

Yaron ya zama magidanci, ya gaji sana'ar ubansa, ya yi aure. Da matarsa ta haihu namiji, ya zo da kansa ya same ni ana jibi suna.

"Malam, na yi maka takwara. Da sunan Baba zan sa, to yayana ya riga ni. Na duba duk garin nan ban ga wanda ya tsaya mini ba sai kai."

Na je sunan, aka miƙo mini jariri na yi masa addu'a, mutane suna ta yi mini barka. Na kai rigar jariri da sabulu kamar yadda ake yi. Kuma da yake ba zai iya kama sunana da bakinsa ba, don ni malaminsa ne, sai ya yi wa ɗan alkunya. Malam yake kiransa, duk gidan ma haka. In na bi ta ƙofar gidansu sai in ji ana cewa Malam zo ka sha kunu, Malam sauka daga kan turmi. Uban ya fito da shi a kafaɗa ya ce, "Malam, gai da Malam." Ni kuma in yi dariyar yaƙe.

Bara Hedimasta ya rasu. Na so in je in gan shi da ya kwanta, na yi ta cewa gobe. Aka yi masa salla, muka raka shi makabarta da hantsi. Bayan an rufe, liman ya yi nasiha, ya ce bawan Allah ya tafi inda ba zai iya neman gafarar kowa ba, duk wanda ya san mamacin ya saɓa masa ya dubi Allah ya yafe. Jama'a suka amsa, mun yafe, Allah ya yafe mana. Uban takwarana yana tsaye a gefena, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Bai amsa ba. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Allah ya jiƙansa da rahama. Amma ni ban yafe ba, Malam. Kai ka san abin da ya yi mini."

Ga mutum kwance a ƙasa, ƙasar ma ba ta bushe ba, ana riƙe da shi a kan laifina. Tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na bari jama'a suka yi gaba, na riƙe hannun rigarsa muka tsaya a bakin ƙofar makabartar, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Na gaya masa duka. Na faɗi abin da na rubuta, kalma da kalma, don ban manta ko ɗaya ba. Na gaya masa abin da ya kai ni gidan Hedimasta, da wanda ya roƙi wani a cikin awa biyun nan.

Bai katse ni ba. Da na gama sai ya tambaye ni.

"Ranar da muka zo da Baba, ka riga ka miƙa?"

"Na riga."

"Kuma da mun rubuta wannan kariyar, da na buga?"

"Da ka buga."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Baba ya cire hularsa fa, Malam." Ya juya ya koma cikin makabartar shi kaɗai. Ina hango shi daga ƙofa, ya tsuguna a gefen sabon kabarin, ya ɗaga hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Na jira har rana ta take bai taso ba, na kama hanya.

Bayan addu'ar uku na je gidan uban takwarana da kaina, na zauna a zaurensa na nemi ya yafe mini. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya ce, "Ba komai, Malam. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Muka shafa fatiha. Na fito ban san ko an yafe mini ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Har yanzu yana gaishe ni. In mun haɗu a hanya yakan rage tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi ciwon gwiwata. Bai gaya wa kowa ba, a iya sanina, sai iyalan Hedimasta da ya je ya ba haƙuri. Kwanakin baya na bi ta ƙofar gidansu da yamma, yana zaune a kan benci yana gyara igiyar tumaki. Muka gaisa lafiya lau. Takwarana yana can tsakiyar titi yana wasa, sai ga mai babur ya taho. Uban ya ɗaga kai ya kira shi. Bai ce Malam ba. Sunan ya kama, sunana na yanka, gatsau, sau biyu, ina tsaye a gabansa. Yaron ya rugo da gudu, da gani ya riga ya saba da sabon kiran. Tun yana aji shida nake tare da mutumin nan, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar.